Faya-fayan Alhaji Lamidi a Rabon Gado

Ku da kuke zama a bakin shagon cajin waya kuna cewa aikin kwamfuta danne-danne ne kawai, da ku nake. Shekaranjiya wani a cikinku ya ce min wai shi bakof, wato ajiye kwafin kayan kwamfuta, da yatsa ɗaya yake yi, yana cin gyaɗa da ɗaya hannun. Na ce masa Allah ya ba da sa'a. Ban ƙara ba, don wanda bai taɓa rasa abu ba ba ya jin magana a kan ajiya.

Sunana Tanko. A Fagge Injiniya ake ce min, rabi girmamawa rabi tsokana, tunda kowa ya san ban gama sakandare ba. Ni ma ban ɓoye ba. A wani lungu kusa da tashar jirgin ƙasa na koyi aiki, wurin wani dattijo mai gyaran tafireta da zamani ya tilasta masa komawa kwamfuta. Aikina na farko shi ne in buɗe cikin kwamfuta in kori kyankyasai, in goge fanka da tsohon buroshin haƙori. Na daɗe a haka kafin ya bar ni na taɓa faifai, wato abin nan da komai na mutum yake kwance a ciki, wanda kuke kira had dis. Dokarsa ɗaya ce: kafin ka kwance, ka kwafe. In ya ga hannunka ya nufi sukundireba ba ka kwafe kayan mai kaya ba, da bayan mita zai buge maka yatsu. Ya rasu babu ko shago nasa na kansa. Haka sana'ar take saka wa mutum.

Ni na yi shago, a Sabon Gari. Sai shekarar nan ta zo da kowa ya koma waya. Wuraren shiga intanet da nake yi wa aiki suka rufe ɗaya bayan ɗaya, wani ya koma sayar da lemo, wani ya koma aski. Sai in wuni ina kallon titi, in tashi in zauna, in share shagon da babu wanda ya taka. Ƙarshe na mayar da makulli na rataya jaka. Har yau ita ce shagona: sukundireba, mita, dunƙulen kebul, abin matse kan kebul, filash, da buroshin nan. Daga Fagge zuwa Sabon Gari, daga can zuwa Rijiyar Lemo, in adaidaita sahu ta samu in hau, in ba ta samu ba ƙafa tana nan.

Abin da ya riƙe ni a wannan shekarar shi ne aikin gidaje. Mutum yana da kwamfuta biyu ko uku a gida, in haɗa masa su da ɗan akwatin nan da ake kira ruta su riƙa ganin juna, in ajiye wata tsohuwa a gefe ta zama rumbu, kowacce ta riƙa zuba kayanta a ciki kullum ba tare da wani ya tuna ba. Da baki abu ne mai sauƙi. Sai ka haɗu da masu gida. Akwai Hajiyar da ta lulluɓe rumbun da leshi don kada ya yi datti, har zafi ya dafa shi. Akwai gidan da duk mai son guga rumbun yake cirewa daga soket ya sa dutsen guga. In abu ya ɓace kuma, Injiniya ne bai iya aiki ba.

Aikin gidan Alhaji Lamidi shi ne wanda nake so ku ji. Tela ne a Fagge. Iyayensa daga ƙasar Yarbawa suka zo, amma shi a nan aka binne cibiyarsa, Hausarsa ta fi tawa daɗi. Yana da keken aiki na kwamfuta a babban zauren gidansa, irin wanda yake zuba aiki a wuyan riga shi kaɗai in an ba shi zane. Keken kowa zai iya saya. Zanen shi ne dukiyar. Alhaji da kansa yake zana su a kwamfutar da ke jikin keken, zare bayan zare, tun lokacin da idonsa yake da ƙarfi. Yana kuma da wata ɗabi'a: duk sabon zane a rigarsa yake fara gwada shi, ya sa ya tafi masallacin Juma'a. In an tsayar da shi an tambaya, zanen ya shiga kasuwa. In ba wanda ya kula, ya koma ya gyara.

'Ya'yansa biyu, mahaifiyarsu ta riga shi rasuwa. Taju, babban, bai taɓa son allura ba, kayan waya yake sayarwa a Sabon Gari. Risikat ita ce ta zauna kusa da keke har ta iya zane a tata ƙaramar kwamfutar.

Ranar da na je haɗa musu, Alhaji ya ja kujera ya zauna a kaina.

"Injiniya, yi min bayani yadda zan gane. Kada ka yi min Turanci."

Na ce, "Alhaji, yau zan kwashe duk abin da ke cikin kwamfutocin nan biyu in zuba a wannan faifan. Shi ne uwa. Daga gobe ba za a sake kwashe komai da komai ba. Abin da aka ƙara ko aka canza a ranar kaɗai za a ɗauka. Su ne 'ya'ya."

"Wato ba sai an sake ɗinka riga ba. Inda ta yage ake kamawa."

"Haka ne. Amma ranar da za a dawo da kaya, sai uwa da 'ya'yanta sun hallara gaba ɗaya. Kamar carbi ne, in ya tsinke a tsakiya ka san sauran."

"To, kada ya tsinke," in ji shi, kamar ni ne mai tsinkawar.

Ku da kuke koyo a waya, za a ce muku ku saita abin ya riƙa tashi cikin dare lokacin da kowa ya kwanta. Wanda ya faɗi haka bai kwana a Fagge ba. Wa zai bar maka janareto yana shan mai don kwamfuta ta yi hira da 'yar'uwarta? Ni lokacin Azahar nake saitawa. Janareto yana kunne saboda aiki, kowa ya tashi alwala, daga nan a ci abinci, babu hannun da ke kan kwamfuta. Kafin a dawo an gama. Sannan ba a saitawa a tafi. Nakan leƙa lokaci-lokaci, in goge wani zane da gangan a gaban Alhaji, ya dafe ƙirji, in dawo masa da shi daga rumbu. Ajiyar da ba ka taɓa gwada ɗaukowa ba, zato kake yi kana da ita.

Shekaru suka tafi. Faifan farko ya cika da uwa, muka sa na biyu don 'ya'ya, shi ma ya cika, muka sa na uku. Duka baƙaƙe, girma ɗaya, don Alhaji ba ya son abu bambarakwai a kan kantarsa. Na manna musu takarda, zafin zauren ya ɓamɓare ta. Na sha gaya masa ƙa'idar aikin ita ce a riƙa sake sabuwar uwa, kada carbin ya yi tsawo. A sayi babban faifai ɗaya a kwashe komai daga farko.

"Bayan Sallah, Injiniya."

Bayan Sallah in koma.

"Ka ga aiki ya taru. Bari wannan Sallar ta wuce."

Tela kuwa kullum akwai Sallar da ke gabansa. A haka Allah ya karɓi abinsa.

Na je jana'iza, na je zaman makoki, na yi gaisuwa na tafi. Ranar rabon gado babu wanda ya neme ni, kuma me zai sa a nemi mai gyaran kwamfuta? Malamin da ya raba ya yi aikinsa daidai, ba na zargin sa ko kaɗan. Manyan kaya aka daidaita su, keke da kwamfutarsa suka faɗa wa Risikat, wasu abubuwan suka faɗa wa Taju har da tufafin mahaifinsu. Da aka zo kan ƙananan kaya sai ga baƙaƙen abubuwa uku iri ɗaya a kan kanta, ga magada namiji da mace. Ai ko yaro ya san wannan lissafin. Biyu na Taju, ɗaya na Risikat. Aka zare kebul, kowa ya sa nasa a leda. Daga ranar rumbu ya daina karɓar komai, kuma babu wanda ya lura, tunda aikin dama ba ya ƙara ba ya motsi.

Ana nan wata safiya aka kawo wuta da ƙarfi a layinsu, kwamfutar keke ta yi tsaki ta mutu. Risikat ta kira ni.

"Baba Tanko, kana ina? Don Allah duk abin da kake yi ka ajiye."

Na same ta tsaye a zaure, ga shadda a jibge a kan tebur. Na buɗe kwamfutar, ƙauri ya gaya min komai kafin mita ta faɗa. Faifan cikinta ya ƙone. Na ce kada ta damu, ai don irin wannan ranar muka yi rumbu. Na juya wajen kanta. Wayam.

"Ina faya-fayan?"

Ta buɗe durowa ta miƙo min ɗaya a leda. "Ga nawa."

"Naki? Kamar yaya naki?"

Ta faɗa min yadda aka yi. Na zauna a kan buhun ƙyalle. Na jona shi a tata ƙaramar kwamfutar. Na uku ne, 'ya'yan baya-bayan nan, babu uwa babu na tsakiya.

Shaddar nan ta Alhaji Modu ce, wani dillalin yadi a Rijiyar Lemo, cikin mutanen Barno da suka daɗe a Kano. Ya daɗe yana kawo ɗinki wurin mahaifinta. Akwai zanen da Alhaji Lamidi ya yi masa, na gidansa kaɗai, ba a yi wa kowa irinsa. Zai aurar da ɗansa, yana so mazan gidan duka su fito da shi. Da ya kawo shaddar ya tambaye ta a gaban mutane, "'Yata, za ki iya, ko in kai wani wuri?" Ita kuma ta ce, "Baba, hannun mahaifina yana nan." Sauran tsofaffin masu kawo ɗinki gidan duk sun zuba ido su ga yadda za ta kaya kafin su kawo nasu.

Na ce, "Ai Alhaji Modu yana da tsofaffin rigunan. Ki aro ɗaya ki duba."

"In je in ce masa ara min rigarka na manta aikin ubana? Kafin La'asar duk Fagge ta ji cewa keken Lamidi ya bi shi kabari."

Gaskiyarta. Na rataya jaka muka tari adaidaita sai Sabon Gari.

Taju yana shagonsa yana manna gilashi a wayar wata. Da ya gan mu ya washe baki.

"A'a, Injiniya! Har yanzu jakar nan ba ta yi ritaya ba?"

"Ranar da ka iya manna gilashi babu kumfa za ta yi. Ina faya-fayan babanku?"

"Waɗanne? Oh, baƙaƙen nan? Ai rabona ne."

"Yaya Taju, babu wanda ya ce ba rabonka ba ne," in ji Risikat. "Zanen Baba ne a ciki."

"Zanen Baba ai yana cikin kwamfutar da aka ba ki."

"Ta ƙone."

Murmushin ya ɗauke. Ya shiga jan durowa, caja da murafun waya suna zubowa ƙasa, har ya zaro ɗaya. Na ce ina ɗayan. Ya sosa ƙeya. Wai wani abokinsa mai ɗaukar bidiyon biki ya ce wurin ajiyarsa ya cika, shi kuma ya ga abu yana zaune ba ya aikin komai, ya ara masa.

"Tun yaushe?"

"An ɗan kwana biyu."

Ya kira abokin, waya a kashe. Muka rufe shago muka fita mu uku. Aka ce yana ɗakin aikinsa wajen tashar jirgi. Muka je, aka ce yanzu ya fita ya tafi wurin mai wanke hoto. Muka bi shi can, aka ce ya koma. Mai adaidaita ya fara tambaya ko ɓarawo muke bi. Risikat tana ta murza gefen mayafinta duk hanyar. Taju kuwa bakinsa bai huta ba: ai da an gaya masa, ai babu wanda ya rubuta komai a jiki, ai shi bai san abu uku za su zama abu ɗaya ba. Na ce masa ya yi shiru ya bar ni da zafin rana.

Muka samu mai bidiyon yana cin wake da shinkafa a kan teburin aikinsa, faifan yana jone a gefen kwano. Na leƙa allon. Amare, angwaye, masu rawa, tun daga sama har ƙasa.

"Me ka yi da abin da ka tarar a ciki?"

"Wasu tarkace ne da ba sa buɗuwa. Na yi masa fomatin."

Ku ji wannan da kyau, don shi ne abin da ba ku sani ba. Abin da aka goge kawai, sau da yawa ana iya tono shi. Abin da aka goge aka zuba wani a kansa har ya cika, ya tafi. Duk wanda ya ce muku zai dawo da shi, yaudarar ku zai yi. Na karɓi faifan duk da haka, na gwada abin da zan iya. Ban samu ko zare ɗaya ba.

Muka koma Fagge da na durowar Taju, ba mu san ko uwa ce ko 'ya'yan tsakiya ba. In uwar ce aka goge, aikin rayuwar Alhaji gaba ɗaya ya tafi. Na jona. Uwa ce. Na sa sabon faifai a kwamfutar keke, na juye uwar, sannan na bi na Risikat ina tsinto abin da zai tsintu, tunda zanen da aka ƙirƙira sabo a kwanakinsa yana nan cikakke. Tsofaffin zanen Alhaji suka dawo, na baya-bayan nan suka dawo. Shekarun tsakiya babu su, kamar an yanke wa riga ciki an bar wuya da gindi.

Risikat ta zauna tana buɗe su ɗaya-ɗaya. Ta kai ƙarshe ta sake farowa. Ta sake.

"Ba ya nan," ta ce. "Na Alhaji Modu a tsakiya yake."

Taju yana jingine da ƙofa. Na ɗauka zai sake cewa ai da an gaya masa. Sai ya juya ya fita, ko sallama babu. Na ce a raina, ka ga irinsu, an gama ɓarna an gudu. Na fara naɗe kebul ɗina.

Ban gama haɗa jaka ba sai ga adaidaita ta tsaya a ƙofar gida. Taju ya shigo da wani ƙaton ƙulli a ka, gumi har cikin ido, ya sauke a tsakiyar zaure ya kwance. Rigunan mahaifinsu ne, rabonsa, ko ɗaya bai taɓa sawa ba.

"Ba a jikinsa yake fara gwadawa ba?" ya ce. "Duba. In ma warware ta za ki yi, ki warware."

Ta durƙusa tana ɗaga su, ƙanshin turaren Alhaji ya cika zauren. Can ƙasa ta zaro wata ruwan toka, ta shimfiɗa wuyan a kan gwiwarta, ta daɗe tana kallo.

"Ita ce."

Abin da ya biyo baya ba aikina ba ne, ba zan ci da guminta ba. Ta kafe rigar a kan tebur, ta juya cikinta waje don ta ga inda zare ya shiga da inda ya fita, ta zauna gaban kwamfuta tana sake zanawa. Ta gwada a ƙyalle ta yar, ta gwada ta yar. Duk lokacin da na leƙa in ga ko sabon faifan yana lafiya, ƙyallayen da ke ƙasa sun ƙaru.

Ina nan ranar da Alhaji Modu ya zo karɓar rigar farko. Ya sa tabarau, ya ɗaga rigar wajen haske, ya bi aikin da babban yatsa tun daga kafaɗa har ƙirji. Ya juya ciki. Har mai guga ya tsaya yana kallo.

"Wannan ba zanen Lamidi ba ne," ya ce.

Risikat ta buɗe baki, ya ɗaga mata hannu.

"Lamidi yana cika zare a wannan kwanar har ta yi tauri, ta riƙa cin wuya. Na yi masa magana ya fi a ƙirga, ya ce haka zanen yake. Ke kin sassauta." Ya ninke rigar ya ajiye. "Yi sauran haka. Ƙanena ma zai aiko da nasa."

Babu wanda ya ce Injiniya sannu da yawon rana, kuma ban sa rai ba.

Amma na canza yadda nake aiki. Yanzu in na shiga gida haɗa rumbu, kafin in zaro kebul nakan tambayi mai gida, "Alhaji, 'ya'yanka nawa?" Wasu su yi dariya, wasu su haɗe rai su ce mugun fata nake musu. Su ce abin da za su ce. Akwai mai walda a bayan layinmu da yake ƙera min akwatin ƙarfe mai ramukan shan iska, in jera faya-fayan a ciki in ɗaure su da kusoshi, kebul ɗaya ne yake fitowa. Duk wanda ya zo rabo, abu ɗaya zai gani. Sannan sai na kira wanda zai gaji aikin na nuna masa da hannunsa yadda ake ɗauko kaya, ko mai gida yana so ko ba ya so.

Na farkon akwatunan nan yana zauren Risikat, a kan kantar mahaifinta. Ranar da na kafa shi na ce mata, kamar yadda na sha faɗa a wannan zauren, ana bukatar babban faifai a yi sabuwar uwa. Azumi ya kusa, shadda ta kai rufi. Na rataya jakata ina jiran amsar da na saba ji.

Ta ɗauki mayafi ta ce, "Mu je Sabon Gari yanzu, Baba Tanko. Keken ya jira."